Gwaggo da Gadar Kwatano

Shekarar da aka sami mulkin kai ina koyarwa a makarantar elementare ta Bagudo, ban wuce shekara ashirin da biyu ba. Ni kaɗai na yi boko a zuriyarmu, saboda haka duk takardar da ta shigo gidajenmu, ta asibiti ce ko ta alƙali, a hannuna take ƙarewa. Ban taɓa jin nauyin abin ba sai da gwaggona ta ce za ta Kumasi.

Yayar mahaifina ce, a Matsinkai take zaune tun da mijinta ya rasu. 'Yarta guda ɗaya tak, wani ɗan kasuwar goro ya aure ta ya tafi da ita zangon Kumasi, shekara shida ba su ga juna ba. Sai fatake suka kawo labarin ta haifi tagwaye. Ranar kasuwa Gwaggo ta zo har makaranta, ta tsaya bakin taga ina tsakiyar darasi.

"Malam, ɗiyata ta haihu. Tahiya za ni yi, kuma jirgin ƙasa nika so."

Na fito na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ai babu jirgi a nan yankinmu."

"Inda akwai shi za ka kai ni. Mota ta taɓa zub da ni cikin rami kan hanyar Yawuri, ba ni sake shigarta sai inda ya zama dole. An ce jirgi ba ya girgiza, mutum na salla ciki, yana cin abinci. Kai da ka yi karatu, shirya mini."

Ta juya ta tafi sayen gishiri. Ni kuwa ko hoton jirgin ƙasa sau ɗaya na taɓa gani, a littafin aji huɗu.

Na fara da wani mai shago, mutumin kudu, Kirista, wanda muke hira da shi in na je sayen kananzir. Ya ɗauko wani tsohon littafin lokutan jirgi da bangonsa ya cire, ya ce sai mu gangara Ikko tukuna, daga can mu bi bakin teku. Da na auna a taswirar makaranta na ga kafin mu kai inda za mu taɓa ƙarfen jirgi ta wannan hanya mun sha motar da za ta sa Gwaggo ta tsine mini. Ta Dahome ta fi kusa: a ƙetare kogin Kwara a kwalekwale, a bi ta Ka'oje da Tsamiya a shiga Sagbana, mota zuwa Kandi, wata zuwa Faraku, inda jirgin Faransawa yake farawa.

Wanda ya san wannan hanya wani tsoho ne a Kurgu da ya yi wa Faransa soja. Asabar uku a jere ina taka keke zuwa wurinsa. Mutum ne mai son a saurare shi, in na tambaye shi tashar jirgi sai ya ɗauko labarin sanyin da suka sha a ƙasar Turawa, sai ya gama sannan ya dawo kan tambayata, wani lokaci ma ba ya dawowa. A zuwa na biyu ya buɗe akwatin ƙarfe ya ba ni wata takarda mai launin ƙasa, da Faransanci, lokutan jirgi a jere. Na ga an rubuta ƙarfe sha huɗu, ƙarfe sha bakwai.

"Baba, agogonsu ya fi namu yawan lambobi ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Malamin makaranta ke nan! Cire sha biyu, abin da ya rage shi ne naka."

Daga bakinsa na tattara sauran hanyar. Jirgin Faraku yana sauke mutane a Kwatano. Daga Kwatano akwai wani ƙaramin jirgi da ke yin yamma har kusa da iyakar Togo. Can a ɗan shiga mota, a sake kama jirgi zuwa Lome, mota zuwa Ankara, sannan jirgi na huɗu zuwa Kumasi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Kwatano, don ya ce babban birni ne, kuma ba inda aka sauke mu za mu hau na biyun ba.

"Akwai gada bisa ruwa, doguwa. Kuna sauka ku nemi amalanke, ku ƙetare ta. Jirginku yana wancan ƙetare. Kada ku tsaya jin maganar kowa, 'yan birni maƙaryata na."

Na tambaye shi sau uku ko ya tabbata. A na ukun ya ɓata rai ya ce shi da ya taka gadar da takalmin soja nake tambaya?

Na zauna na tsara komai a takarda mai layi: ranar tashi, inda za a kwana, sunan kowace tasha, har da zanen gadar da kibiya. Na kai wa Gwaggo na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba ta fita gida ranar Talata. Na ce in ba mu tashi Talata ba jirgin Faraku zai wuce mu. Ta ce to jirgin ya jira. Na koma na sake lissafi daga Alhamis, komai ya goce, kwanan Kandi ya zama biyu. Na kawo mata. Ta ce a haka Juma'a za ta same ta a cikin mota, ita kuwa ba ta yarda ba. Sau huɗu ina sake rubuta takardar nan. A na huɗun ta ce in mayar da ita ajami, don in na ɓace a hanya ta sami malamin da zai karanta mata.

"Gwaggo, ni ai ba zuwa za ni yi ba. Shiryawa kika ce in yi."

"To wa za ya riƙe takardar?"

Haka hutuna na ƙarshen zango ya tafi, ban ma san lokacin da na amsa ba.

Sai maganar takardar ƙetare iyaka. Da can mutanenmu shiga Dahome suke yi kamar za su gona, amma yanzu kowace ƙasa ta sami tutarta, ba wanda ya san abin da za a tambaya. Aka ce dai a tafi da takarda mai hoto. Gwaggo ta ce ba mai ɗaukar hotonta tana raye. Kwana biyar ana lallashi, sai da mahaifina ya sa baki. Da ƙanen mai shagon nan, wanda yake sana'ar ɗaukar hoto, ya kafa na'urarsa, sai ta ja mayafi ta rufe har hanci. Hoton da muka samu idanu ne kawai da goshi, kuma da shi muka tafi.

Ranar tashi na iske kayanta a ƙofar gida: buhun gero, daddawa, busasshen kifi, goran man shanu, tabarmi biyu, da turmi. Turmi sabo, sassaƙar mutanen garin Lafagu, da taɓaryarsa.

"Gwaggo, Kumasi babu turmi ne?"

"Nasu na doya na. Ƙaƙa za a yi ɗiyata ta daka hura a turmin doya?"

Na ce jirgi huɗu za mu hau. Ta ce ai jirgin ne zai ɗauka, ba ni ba. Wannan ma ba gaskiya ba ne. Ni na ɗauke shi daga kwalekwale zuwa tudu, ni na cicciɓa shi saman mota a Sagbana, ni na sauko da shi a Kandi ya murƙushe mini ɗan yatsa. A iyaka kuwa ba wanda ya ko dubi hoton da muka sha wahala a kansa. Wani ɗan sanda ya leƙa cikin turmin, ya ɗaga mana hannu.

Gaskiya jirgin Faraku ya burge ni, ko da yake ban nuna ba. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma tsakanin kujeru, ta yi salla, ta buɗe ƙullin kifi, kafin azahar ta san sunan garin kowa a taragon. Da Hausa take yi, in ta ƙi ta juya Dandanci, yaren mutanen bakin kogin Kwara. Ni ina gefe da takardata ina duba sunan kowace tasha ina sa mata alama, ina jin daɗi duk ta yi daidai. Yamma lis muka shiga Kwatano, muka kwana a rumfar tasha tare da sauran matafiya.

Da gari ya waye na nemo mai amalanke. Akwai wata mata mai tuyar ƙosai a bakin tashar, Gwaggo ta ji tana yi wa wata magana da Dandanci, ta nufe ta. Na tare ta.

"Gwaggo, babu lokaci. An ce kada mu tsaya jin maganar kowa."

"Gaisuwa kawai za ni yi."

"Gaisuwarki na san ta. Mu tafi."

Ta dube ni, ta bi bayan amalanken. Muka ratsa birnin cikin wani zafi mai ɗanko da ban taɓa jin irinsa ba, kekuna na ta ƙararrawa, ga warin kifi da na ruwan gishiri. A kan gadar ƙafar amalanken ta faɗa wani gurbi, turmin ya gangaro ya nufi bakin ƙarfe, na bi shi da gudu na rungume, mutane suna ta dariya. Da muka kai ƙetare na sami wani ma'aikaci mai hula, na nuna masa sunan garin da muke so a takarda. Ya duba, ya dube ni, ya miƙa hannu ya nuna bayanmu, inda muka fito. Na sake nuna masa. Ya sake nuna gadar. Sai wani Bahaushe mai sayar da tasbaha ya matso ya fassara mini: jirgin da ke bi ta nan gabas yake yi, wajen iyakar Ikko. Na yamma kuwa daga tashar da muka kwana yake tashi, kuma ya ce in kunnensa bai yi ƙarya ba, kukansa ne aka ji ɗazu.

Mako shida ina shirya ƙetare gadar da ba mu da abin yi a bayanta. Na tsaya riƙe da takardar, na rasa wanda zan fara zagi, tsohon Kurgu ko kaina. Gwaggo ta zauna a kan turminta ta gyara ɗaurin kallabi.

"Malam, duba takardar. Mi ta ce yanzu?"

Muka sake tura kaya muka koma. Ta wuce kai tsaye wurin mai ƙosan nan, wannan karon ban tare ta ba. Ashe mutuniyar Illo ce, can wajenmu, shekararta fiye da goma a birnin. Kafin ƙosai ya soyu ta gaya wa Gwaggo duk abin da na yi Asabar uku ina nema: jirgin yamma sai jibi, akwai ayarin mata masu fataucin goro da za su hau shi har Kumasi, kuma uwar ayarin tana sauka a gidan da take haya a zango. Ta ce da mun tambaye ta da safe da ta nuna mana taragon da hannu, don a gabanta yake tsaye.

Kwana biyu muka yi a zango. Gwaggo ta yi ta ziyara kamar garinsu, ana kawo mata abinci daga gida-gida. Ni ina ƙirga kwanakin hutuna suna ƙarewa. Rana ta biyu na fita in tabbatar da lokacin jirgi da idona, a dawowa na rikice da lunguna, duk iri ɗaya, na yi ta zagaye har la'asar. Daga ƙarshe na hango ta tsaye a bakin wani masallaci tana tambayar mutane ko sun ga wani dogon malami mai takarda a hannu.

Ranar tafiya uwar ayarin ta dubi kayan, ta sa aka ɗora turmin cikin na goro ba tare da wata magana ba. Gwaggo ta kira ni gefe.

"Koma ga yaranka, Malam. Waɗanga sun san hanya. Allah shi yi maka albarka, ka yi ƙoƙari."

Na miƙa mata takardar ajamin. Ta karɓa ta naɗe ragowar ƙosai a ciki, ta hau. Na tsaya har jirgin ya ɓace, sannan na nemi na Faraku. Duk da haka sai da na makara kwana uku, hedimasta ya yi mini faɗa a gaban malamai.

Da na sami sarari na taka keke zuwa Kurgu. Tsohon ya saurare ni, sannan ya ce lallai bayan tafiyar Faransawa aka juya tashar. Na ce mai ƙosai ta ce tun zuwanta a nan take. Ya ce mai ƙosai ta taɓa yin soja?

Gwaggo ta yi shekara guda da wata biyu a Kumasi, ta dawo tare da fatake ba ta ko aiko ba. Mata suka cika gidanta a Matsinkai suna jin labari, ni ma na je gaisuwa. Ina zaune a bakin ƙofa na ji tana ba su labarin Kwatano: wai ta tafi da ni don in ga duniya, na ɓace a birni, ta bar abincinta ta fita nema, ta same ni a bakin masallaci ina shirin kuka. Na ce, "Gwaggo, ban yi shirin kuka ba." Ta ce in yi shiru manya na magana. A haka labarin ya zauna a danginmu, har jikokin tagwayen nan haka suka ji shi, kuma duk wanda na yi ƙoƙarin gyara masa sai ya ce ai Gwaggo da bakinta ta faɗa.