Ƙirgen Kaporal

Kun dai san ƙirgen Kaporal, mijina, ku mutanen ƙauyenmu. Tun da ya aje kayan soja ya dawo gida, ba ya karin kumallo sai ya tsaya bakin zaure ya kira sunan kowa: ni, 'ya'ya, jikoki, har awaki.

Na ce, "Malam, akuya ba ta amsawa."

Ya ce, "To ke ki amsa mata."

Haka na tsufa ina amsa wa akuya.

Kuna dariya, ni kuwa na san tushen abin. Can arewa cikin hamada motarsu ta taɓa tashi ta bar soja ɗaya, kuma mijina ne aka ba ƙirgen mutane. Ba a sake ganin wannan bawan Allah ba. Da Malam ya dawo, ba gona, ba masallaci. Ya ce da wane ido zai tsaya gaban Allah.

Liman ne ya yi masa dabara: "Kaporal, sahunmu ya karkace, mun rasa mai gyarawa." Da Liman ya san abin da ya jawo! Ɗan yatsan ƙafar wani ya leƙo gaba, sai Kaporal ya mayar da shi. Maigari ya gaji ya ce, "Salla muka zo ko fareti?"

"Ranka ya daɗe, ƙafarka daidai take. Cikinka ne ya wuce sahu."

Sai ranar nan ta damina, da rana tsaka, ɓarayin daji suka shigo bisa babura. Muka watse cikin gero muka kwanta, harbi na tashi daga wajen rijiya. Shi kuwa yana rarrafe tsakanin kunyoyi yana ƙirga mu da raɗa. Ya zo kaina ya ce, "Saura ɗaya. Iya Tabawa." Makauniyar tsohuwa ce, maƙwabciyarmu.

Na riƙe ƙafarsa. "Malam, ba ka da bindiga. Gwiwar ma ba ta da kirki."

"Sake ni, Hajara. Ba zan je wa Allah da biyu ba."

Na sake shi. Na kifa fuska cikin ƙasa, duk harbin da aka yi sai in ce shi aka samu. Ban san iyakar daɗewar ba. Can gero ya motsa, sai ga shi goye da ita, tana dukan ƙeyarsa: "Ɗan banza, ka baro mini goro."

Ya sauke ta, ya sake ƙirga mu tun daga farko, ya ce, "Mun cika." Ya zauna yana kuka kamar yaro. Daga ranar nan ya bar ƙirgen safe, awaki suka huta, ni ma na huta.

Bara zazzaɓi ya ɗauke shi. Yanzu ni ke tsayawa bakin zaure da safe, kuma kullum saura ɗaya. Ku bar ni in yi kukana.

Allah, ranar da za ka kira bayinka na gari, ka sa Malam ya ji sunansa ya amsa, shi da wanda aka bari cikin hamada.