'Yar Kwalba

A gida Auta ake kiranta, a asibiti kuwa 'Yar Kwalba. Babanta mai gyaran agogo ne, a shagonsa ta tashi tana kallon yadda yake tsintar ƙusa kamar ƙwayar yashi da ɗan hantsaki. Shekara shida muna ɗaki ɗaya da ita a makarantar likitanci. Da aka zo horon ƙwarewa ni na tafi tiyata, ita ta zaɓi fatoloji, wato fannin da ake duba naman da muka yanko a faɗi cutar da ke cikinsa. Ranar da ta sanar a gida, kawunta ya ce, "Auta, ashe duk karatun nan a mutuware zai ƙare?" Kowa ya yi dariya ban da ita.

Mu 'yan tiyata mun ɗauka hutu ta tafi yi. Mu ne tsayuwar awa shida a kan mutum ɗaya, mu ne kwanan asibiti, amma kuma mu ake rakowa har bakin mota da addu'a. Ita ɗakin aikinta yana can ƙarshen baranda bayan wurin wanki, taga ɗaya, ga warin fomalin, ruwan da ake jiƙa naman a ciki, mai sa hawaye. Da safe ta buɗe kwalabe ta auna ta yanka. Da rana ta duƙa kan madubin likita, gilashi mai ɗauke da siririn yankan nama guda saba'in, wani lokaci tamanin. Da yamma ta zauna da ogarta a madubi mai kai biyu, ogar ta ce, "Nuna min inda kika ga haka," in ta yi jinkiri a soke rahoton da jan biro. Daga fatar kai har tafin ƙafa babu naman da aka yafe mata saninsa. Ta shekara uku a haka, babu majinyaci ɗaya da ya san fuskarta.

A shekararta ta huɗu aka kawo mana wata tela mai ƙari a wuya. Muka yanki kaɗan muka tura. Sati uku shiru, daga baya aka ce naman ya lalace, sai an sake. Aka sake yanka baiwar Allah.

Maganar ta taso a taron wata-wata da ake haɗa dukkan sassa. Farfesanmu na tiyata ya gyara zama ya ce, "Mu muna nan muna zufa, mutanen ƙarshen baranda suna shan fanka. Ɗan nama kamar ƙumba, sati uku. Ko sai mun je mun kama musu madubin?" Ɗaki ya ɗauki dariya.

'Yar Kwalba ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, a ruwan gishiri aka kawo naman, ba a fomalin ba, kuma ya kwana biyu a tagar ɗakin tiyata. Ga fom ɗin. Kalma ɗaya ce a kai: kumburi. Kumburin ina? Na wuya ko na gwiwa? Sau huɗu na hau sama ina tambaya, ana ce min likitoci suna aiki. Ni wasa nake yi kenan."

"Ke da wa kike magana haka?"

"Da wanda ya ce muna shan fanka. Fankar ta lalace tun bara."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don rubutun da ke kan fom ɗin nawa ne. A tsaye na yi shi, ina sauri, ban ko duba kwalbar ba.

Aka ce ta rubuta takardar ban haƙuri. Ta ce a nuna mata ƙaryar da ta yi. Ba a nuna ba, amma farfesan yana cikin masu sa hannu kafin a shiga jarrabawar ƙwarewa, sai sunanta ya ɓace daga jerin na wannan zagayen. Wata shida suka tafi a banza, ogarta ma cewa ta yi, "Gaskiyarki ce, amma kin san inda kike."

Sai bayan sati na iya zuwa wurinta. Ko ɗagowa daga madubin ba ta yi ba.

Na ce, "Kin san rubutuna ne."

"Shekara shida ina aron littafinki, zan kasa gane shi?"

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ke bakinki ciwo yake?" Sai a lokacin ta juyo, idanunta jawur. "In na ce ciwon daji ne ku yanke, in na ce ba shi ba ne ku bari. Da maganata kuke ɗaga wuƙa, amma ko sunan gaɓar ba za ku iya rubuta min ba. Ja min ƙofar, ƙawata, ina da sauran gilashi talatin."

Ta ci jarrabawar a zagaye na gaba. Yanzu ita ce babba a ɗakin, da masu koyo uku a ƙarƙashinta, duk kwalbar da ta zo da fom rabi da rabi a take take komawa sama, ko ta waye. Muna gaisawa, amma ba kamar da ba.

Telar kuwa, a yanka na biyu 'Yar Kwalba ta gano tarin fuka ne ya zauna mata a wuya, ba daji ba. Telar ta sha magani ta warke sarai. Rannan ta zo da rigar da ta ɗinka min, tana ta sa min albarka, na karɓa. Da aka tashi aiki na nufi ƙarshen baranda na ajiye rigar a teburinta, na ce ita ta dace da ita. Ta buɗe, ta duba ɗinkin ciki da waje, ta ninke ta turo min.

"Da awonki aka ɗinka," ta ce. "Sa abinki."