Tsagen Inna

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai shekarar da ciwon ƙirji ya kawo ta asibitin Yelwa daga Wara. Da anka sallame mu, na ja ta shagon wani mai hoto a bakin kasuwa. Ya sayo sabuwar kyamara mara fim, wadda mutum ke ganin kansa a bayanta nan take, yana ta hura hanci kamar ubansa ya ƙera ta.

Ya ɗauka, ya juyo mini ɗan gilashin da bai kai kwalin ashana ba. Ya latsa, Inna ta koma baƙi da fari. Ya latsa, ta koma ruwan shayi. Ya sake latsawa.

"Wanga shi ne gyaran fuska, malam. Manyan gari duk shi suke so."

Ni da na tsaya aji huɗu a firamare, ban so ya ɗauke ni baƙauye ba. Na ce a wanke wannan, babba. Inna kuwa hayaƙin bandar kifi ya daɗe da cinye mata ido.

"Kai wanga, na fito?" in ji ta.

"Kin fito, Inna."

Ban koma karɓa ba sai bayan sadakar arba'in ɗinta. Na zare hoton daga ambulan, sai ga wata farar mata sumul, ba tamoji, ba baƙin hayaƙi, ba tsage ko ɗaya a kumatunta. Tsagen da duk wanda ya fito tsibiranmu zai gani ya san gidan da anka haife ta!

"Ina tsagenta?" na tambaye shi.

"Ai inji ya share. Dubi yadda ta yi fes, kamar Balarabiya."

"Uwaka ce Balarabiya! Ba ni na farkon, wanda ba ka taɓa ba."

"Katin kyamara ya cika, malam, na goge tuni."

Na shaƙe masa wuyan riga sai da masu kabu-kabu sunka raba mu. Amma wa ya ce a wanke? Ni ne, jakin banza.

Da na isa gida na ɗauki biro zan mayar mata da abinta. Na ja layi uku a kuncin hagu, hannuna ya tsaya. Shekara arba'in ina kallon fuskar nan, na kasa tuna ko bakwai ne ko tara.