Bakwai a Kan Shida

Duk wanda ya saba bi ta layin teloli na unguwar Briqueterie ya san Saliha, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar nan da ke zama a bakin zauren mahaifinta Malam Halilu, ƙafa a kan keken ɗinki, littafi buɗe a gefe an danne shi da almakashi. Mata masu kawo ɗinki sun sha yi mata tsiya, wai wata rana sai ta haɗa littafin da zanen mutane ta ɗinke. Ita dai murmushi take yi ta karɓi yadi, don ba mai yawan magana ba ce.

Nas take son zama, kuma ba daga sama abin ya faɗo mata ba. Ta gama sakandare lafiya, ta ci jarrabawar fita a ɓangaren adabi, sai ciwon suga ya kama ƙafar mahaifiyarta, Kulsum. Shekara huɗu Saliha tana wanke gyambon nan safe da yamma, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Wata rana a asibiti wata tsohuwar nas ta duba ɗaurin, ta tambayi wanda ya yi. Da aka nuna mata yarinyar sai ta ce, "Hannunki ya fi na wasu masu farar riga a nan." Kulsum ta rasu a damina ta biyar. Saliha ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida ta tarar idon mahaifinta ya mutu, keken ɗinkinsa yana shan ƙura. Ta hau keken, amma maganar tsohuwar nas ɗin ba ta bar zuciyarta ba.

Sau biyu tana zama jarrabawar shiga makarantar nas, wadda a nan ake ce wa konkur, sau biyu lissafi yana kayar da ita. Faransanci kam ba a magana, ilimin jikin ɗan Adam kuwa kamar ta haɗiye littafin. Amma da ta ga lamba a kan lamba da sanda a tsakani, ga wani harafi x a gefe wai a nemo ko nawa ne shi, sai kanta ya ɗauki zafi. Makarantar da take nema ba ta ɗaukar wanda ya wuce shekara talatin, ita kuwa ta shiga ta talatin ɗin. Saboda haka zaman bana shi ne na ƙarshe, kuma ta sani.

Ta shiga darasin yamma a unguwar Ekoudou, wurin wani malami mai suna Alim. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma mutum ne da ke magana da allo ya manta akwai mutane a bayansa. Ya rubuta, ya goge, ya ce "wala," wato "ga shi nan" da Faransanci, ya wuce. 'Yan matan ajin duk ta girme su da shekara goma, suna ce mata Anti, in ta ɗaga hannu sai su hau kallon juna. Wata biyu tana hawa tudun Ekoudou tana sauka, ba ta ƙaru da komai ba sai ciwon ƙafa.

Wata rana da hantsi Malam Halilu yana kishingiɗe a tabarmarsa a cikin zaure, ya ji keke ya daɗe bai motsa ba.

"Saliha, keken nan ya yi shiru. Zare ne ya ƙare?"

"A'a, Baba. Lissafin nan ne. Wai a haɗa rabin abu da sulusinsa, alhali ba a gaya mini ko mene ne abun ba."

Tsohon ya tashi zaune, ya yi dariyar da rabonsa da ita tun Kulsum tana da rai. "Ashe sulusi ne ke wahalar mini da 'ya? To ai gida kika bar magani kika tafi Ekoudou nema. Miƙo mini gwangwanin maɓallai."

Malam Halilu tela ne, amma ba da ɗinki kaɗai unguwa ta san shi ba. Shekara talatin shi ake kira rabon gado, daga Briqueterie har cikin 'yan kasuwar Mokolo. A wurin mahaifinsa ya koya, wanda ya zo da ilimin daga ƙasar Katsina. Bai taɓa riƙe alli ba, da ka yake yi, in abin ya yi yawa ya ɗebo maɓallai. Ranar nan ya zube su a tabarma, ya lalubo shida ya jera.

"Kafin ki taɓa rabon kowa, nemo asali," in ji shi. "Adadin da kowane kaso zai fita daga cikinsa ba tare da kin fasa maɓalli ba. Rabi da sulusi, asalinsu shida. Ɗauki rabin shida."

Ta ɗauki uku.

"Mayar. Ɗauki sulusi."

Ta ɗauki biyu.

"Uku da biyu?"

"Biyar. Biyar cikin shida." Ta tsaya tana kallon maɓallan. Wannan fa shi ne abin da Alim ya yi wata biyu yana faɗa da dogon Faransanci, ga shi kwance a tabarmar gidansu. Sai da ƙwalla ta cika mata ido, don haushi da daɗi a lokaci guda.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai a zube maɓallai. Rubu'i da sudusi, asali sha biyu. Sumuni da sulusi, ashirin da huɗu. Ita ta karanto tambaya daga littafi ta fassara masa, shi ya mai da ita mutane: wannan matar mamaci ce, wannan uwarsa ce, x ɗin nan kuwa dukiyar ce gaba ɗaya. Da lambobi suka zama mutane sai tsoronsu ya fita daga ranta. Ba a yi wata guda ba ta daina zuwa Ekoudou, ta ce me za ta je yi. Da akwai mai hangen nesa a gidan da ya ce mata ta riƙe duka biyun, amma wa zai faɗa? Uba yana murna, 'ya tana murna.

A cikin duk ilimin gado akwai babin da tsohon ya fi so, shi ne auli, kuma ba ya gajiya da maimaita shi.

"Mace ta rasu, ba ɗa, ba iyaye. Ta bar miji da 'yan'uwanta mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Miji nawa?"

"Rabi. Uku cikin shida."

"'Yan'uwa fa?"

"Sulusi biyu. Huɗu cikin shida."

"Uku da huɗu bakwai, maɓallai kuwa shida ne. Wa za ki kora?"

"Ba a korar kowa, Baba. A sake yanka dukiyar kashi bakwai, kowa ya ragu kaɗan."

"Madalla! In na sama ya fi na ƙasa, ɗaga na ƙasa ya tarar da shi. Haka ake raba gida ba tare da an raba zumunci ba."

Ya sa ta yi irin wannan ba sau ashirin ba, ba sau hamsin ba, har hannunta ya riƙa yi tun kafin kanta ya gama tunani. A littafin kuwa, 'yan tambayoyin da suka zaɓa suna yi duk masu kama da gado ne, don su ne ke yi wa tsohon daɗi. Watannin nan su ne mafi daɗi da gidan ya gani tun bayan mutuwar Kulsum. Malam Halilu ya koma cin abinci sosai. A ƙofar masallaci yana gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa 'yarsa za ta shiga makarantar nas da lissafin kakanta.

Ranar konkur an tashi da ruwa. Ta riƙe takalmi a hannu ta ratsa jan taɓo har bakin titi, ta samu taksi da ƙyar, su huɗu a baya. A ɗakin jarrabawa ta buɗe takardar lissafi, ƙirjinta bai buga ba ko kaɗan. Ƙananan tambayoyin farko ta amsa su nan da nan. Sai babbar, wadda ke ɗauke da mafi yawan maki, mai 'ya'ya huɗu a ƙarƙashinta, kowace tana cin amsar ta farko: rabin x, a haɗa da sulusi biyu na x, ya ba da sha huɗu. A nemo x.

Saura kaɗan ta yi dariya a fili. Ai miji ne da 'yan'uwa biyu! Asali shida, uku da huɗu bakwai, bakwai a kan shida. Na sama ya fi na ƙasa, hannunta ya ɗaga na ƙasa, ya zama bakwai a kan bakwai, wato dukiyar gaba ɗaya. Ta rubuta x sha huɗu ne, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta ɗauki sha huɗun nan ta bi 'ya'yan huɗu da shi ɗaya bayan ɗaya. Tana cikin na farko da suka fito.

Ta tarar da mahaifinta zaune a bakin zaure, maɓallai tuni a zube.

"To, ba ni labari. Kada ki tsallake komai."

Ta zauna tana cire mayafin da ya jiƙe, ta karanto masa tambayar da ka, tana dariya. "Ka ga ikon Allah, Baba? Kamar kai ka rubuta musu."

Bai yi dariya ba. Yatsunsa suka yi ta tafiya a kan maɓallan, suka tsaya.

"Me kika ce kin rubuta?"

"Sha huɗu."

"Rabin sha huɗu nawa?"

"Bakwai."

"Sulusinsa biyu fa?"

Ta lissafa da yatsu. Sha huɗu ba ya rabuwa uku.

"Gwada sha biyu," ya ce, murya can ƙasa.

Rabin sha biyu shida. Sulusinsa biyu takwas. Shida da takwas sha huɗu.

"Amma Baba, na sama ya fi na ƙasa. Auli..."

"Wa ya mutu a cikin takardar, Saliha?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon maɓallan.

"Auli don masu makoki aka yi shi, don kada a sallami ɗayansu hannu wofi. Wannan kuwa babu miji, babu 'yan'uwa. Lamba ce kawai, ba ruwanta da wanda zai samu da wanda zai rasa. Bakwai a kan shida, a bar shi bakwai a kan shida." Ya ture maɓallan gefe. "Ni ban taɓa gaya miki ba. Wallahi ban zaci akwai inda ake rabo ba tare da an yi mutuwa ba."

Abin tausayi ne ka ga tsoho makaho yana kuka, hannunsa yana laluben hannun 'yarsa bai same shi ba. Ita ce ta kamo nasa ta riƙe. Ta ce masa tambaya ɗaya ce, sauran darussan za su ɗaga ta. Dukansu sun san ba haka ba ne.

Bayan mako bakwai aka liƙa sunayen waɗanda suka ci a jikin bangon makarantar. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta sake daga ƙasa har sama, ta duba jerin masu jiran gurbi. Ba ta je neman makinta ba, don ta san inda ta zube. Da ƙafa ta dawo, ta ratsa Mokolo ba ta ga kowa ba duk da cikar kasuwar. Tun daga takunta a bakin zaure tsohon ya gane.

"Ki yafe mini, Saliha."

"Haba Baba, me ka yi mini? Sau uku ina shiga ɗakin nan, bana ne kaɗai na shiga ban ji tsoro ba. Kai ka ba ni wannan."

"Gara da kin shiga da tsoron," ya ce. Ya juya fuskarsa bango.

Tun daga nan bai ƙara karɓar rabon gado ba. Da iyalan Mu'azu mahauci suka zo ɗaukarsa, ya ce su nemi wani, shi kansa ya tsufa. Saliha ta ba 'yan matan maƙwabta littattafanta, ta koma kan keke daga safe har magariba. Ba ta ƙara ambaton makarantar ba, shi ma haka, suka riƙa kewaye maganar kamar rami a tsakar gida.

Ana saura kwana goma a buɗe makarantu sai ga Jamilatu, 'yar maƙwabtansu, ɗaya daga cikin masu ce mata Anti a Ekoudou. Ita sunanta ya fito. Ta tsaya a bakin zaure da ƙunshi a hannu, tana jin nauyi.

"Anti, Mama ce ta ce in kawo miki, wai babu mai hannunki. Amma in ba ki da lokaci..."

Saliha ta buɗe ƙunshin. Farin yadi ne, na riguna biyu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauko awo ta ce yarinyar ta ɗaga hannu. Ta auna kafaɗa, ta auna tsawo, ta ce a yi aljihun da faɗi saboda almakashi da filasta. Ta yi mata barka, ta ce ta dawo jibi.

Da yarinyar ta tafi ta shimfiɗa yadin a kan tebur ta fara yanka. Malam Halilu, wanda ya yi shekara arba'in yana jin kukan almakashi a kan yadi iri-iri, ya ɗago kai daga tabarma.

"Wannan yadin mai ƙarfi ne. Na wane ne?"

"Na Jamilatu ne, Baba."

"Fari ne?"

Hawaye ya ɗiga a kan yadin, ta yi maza ta goge da bayan hannu kada ya bar tabo.

"Shuɗi ne, Baba. Na biki."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya koma ya kwanta, ita kuma ta ci gaba da yanka.