Ranar da Na Ɗora Kare a Amalanke

Ko ƙwaƙwalwata ta tsufa ta zubar da komai, ba za ta zubar da ranar da na kai karena garin Mayahi ba.

A wani ƙauye kusa da Tchaké nake, mijina ya rasu ya bar mini awaki da wani jan kare mai gadinsu. Saboda shi dila bai taɓa ɗaukar mini ɗan akuya ba. Wata shekara mahaukacin kare ya ciji yaro a ƙauyen da ke gabas da mu, sai maigarinmu ya sa aka yi shela: kafin Juma'a a kashe duk karen da ke garin.

Raina ya ɓaci matuƙa. Nawa yana ɗaure a gida, ba abin da ya taɓa shi. Na je ƙofar maigari na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, in likitan dabbobi ya yi mishi allura hwa?"

Dattawa suka fashe da dariya. Mu a wurinmu shanu da awaki ake kai wa allurar rigakafi, kare kuwa ko tsaki ba a yi masa. Maigari ya ce, "Ke dai da taurin kai! Tahi, in likitan ya zo ya hwaɗi da bakinai, na ji."

Washegari na tsaya bakin hanya. Direban motar haya ya dube ni, ya dubi karen. "Inna, ki ɓata ma mutane tufahin salla? Ko a bisan kaya ba ni ɗaukar shi." Na ce ya riƙe motarsa. Na ari amalanken jaki, na ɗora karen kan buhu, muka shiga yashi. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mata sun leƙo suna tambaya ko amarya nake kaiwa. Na ce e, kuma ta fi su amfani.

Likitan bai yi dariya ba. Ya duba jikin karen kaf, bai ga cizo ba, ya yi masa allura, ya ce in ci gaba da ɗaure shi, kuma duk shekara a sake. Na ce, "Ɗana, sauran ka zo ka gaya ma maigari." Ya ce aiki ya yi masa yawa. Na shimfiɗa zanena a ƙofar bironsa, wato ofishinsa, na zauna, har ya gaji ya yi alkawari.

Ranar Alhamis ya iso a kan babur da alluransa cikin ƙanƙara. Maigari ya janye hukuncin. Amma da aka ce a kawo sauran karnuka, 'yan kaɗan aka samu, masu gaggawa sun riga sun kashe nasu. Maƙwabcina ya tsaya da igiyar da ba kare a cikinta, ya kasa kallona.

Abin da na koya shi ne, dabbar da ke tsare maka dukiya tana da hakki a kanka, kuma tun tana lafiya ake biyansa.