Muryar da ke Cewa Fuɗu

A Kebbe idan ka ce Na'inna mai ƙuli, ba wanda zai tambaye ka wacce. Gidanta ne na ƙarshe a layi kafin a faɗa gonaki, kuma masu tsokana kan ce soyayya iri biyu ce a gidan: soyayyar gyaɗa a kasko, da ta littafi a waya. Ita dai ba ta tanka musu. Wanda bai taɓa wuni ba tare da an kira sunansa ba, ina zai gane?

Mijinta Attahiru dillalin shanu ne, ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi shekarun baya. Ɗanta Mu'awiyya yana kudu yana acaba, idan ya bugo waya rabin hirar "kina ji na?" ce. 'Yarta Hadijatu tana aure a Fakku, da ruwa ya sauka kuwa hanya ta daina biyuwa. Gida ya rage daga ita sai kaji, ga aikin ƙuli mai cin wuni: ɓara, suya, niƙa, matsa, hannu yana aiki baki a rufe.

Na'inna allo ta yi, ba ta yi boko ba. Isah mai cajin waya a bakin kasuwa ne ya zuba mata littattafan saurare a memori, ya ce ta gwada ko za su rage mata wuni. Takan jefa wayar cikin kwanon sha don sauti ya fito, ta zauna gaban turmi. Muryar wata matashiya ce mai ɗan kaushi-kaushi, kuma kowane kashi da abu ɗaya take buɗe shi: "Littafin Raliya Rufa'i." Na'inna ta ɗauka mai maganar ce ke faɗin sunanta, yadda baƙo ke yi a ƙofar gida. Wa zai gaya mata ba haka ba ne?

Ta san muryar nan fiye da ta 'ya'yanta. Ta san inda take gyaran murya, ta san inda dariya ke kubce mata tun kafin ta kai wurin abin dariyar. A wani kashi zakara ya yi cara a bayanta, a wani kuma ana daka. Abin da ya fi kama zuciyar Na'inna shi ne, duk da Kanancin da ke cikin littafin, idan aka zo ƙirga sai mai karatun ta ce "fuɗu" maimakon "huɗu".

"Wagga ɗiya tamu ce," Na'inna kan ce wa kajinta. "Komi taka yi, bakinta na gida ne."

Har amsa mata takan yi. Idan saurayin cikin labarin, Ziyad, ya yi wauta, sai ta ajiye muciya ta ce, "Raliya, ki gaya mishi gaskiya mana." Shekaru suka yi ta tafiya a haka, ana tashi tare, ana wuni tare.

Ranar da Isah ya gaya mata za a yi taron marubuta da makaranta littattafan soyayya a Tambuwal, kuma Raliya Rufa'i tana cikin manyan baƙi, Na'inna ta manta gyaɗa a wuta har ta ƙone. Ba wani abu take nema ba. So take ta ga fuskar da ke bayan muryar, ta ce mata na gode, ta ji muryar ta ambaci sunanta ko sau ɗaya. Ta tace man gyaɗa mai kyau ta cika jarka, ta ƙulla ƙuli a leda, ta ciro atamfar da ba ta ɗaura ba tun bikin Hadijatu. Mai babur ya yi ta kauce wa ramuka da ita, ita kuwa jarkar kawai take tallafe da ita a cinya.

Zauren wata makaranta ne, an jera fararen kujerun roba. 'Yan mata da matan aure sun yi anko, suna rungumar juna suna kiran juna da sunayen da suke amfani da su a waya, kowa ta ɗaga tata tana ɗaukar hoto. Tebura cike da littattafai masu hoton furanni a bango. Ba wanda ya wulaƙanta Na'inna, a'a, an ba ta kujera, an ba ta lemo mai sanyi. Amma kujerar dama da ta hagu haka suka wuni ba kowa. Wata ma ta tambaye ta ko ƙulin na sayarwa ne.

An yi ta jawabai kan soyayya da tarbiyya, an yi muhawara kan ko ya dace jarumin labari ya zama talaka. Can aka kira Raliya Rufa'i. Wata doguwar mace mai tabarau ta karɓi abin magana, ta yi sallama da siririyar murya mai sauri, ta ce, "Littattafaina huɗu ne aka mayar na saurare."

Huɗu. Na'inna ta ƙara kasa kunne. Ta ce a ranta lasifika ce ke ɓata murya, ai na masallaci ma haka take yi wa liman. Da aka tashi ta shiga layin masu neman sa hannu, jarka a hannu, har aka zo kanta.

"Hajiya, ke ce Raliya Rufa'i?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa."

"To muryarki fa? Ko mura kika yi?"

'Yan matan da ke baya suka ƙyalƙyale. Raliya ta ɗaga musu hannu suka yi shiru, ta dubi dattijuwar da kyau.

"Wadda nika saurare," in ji Na'inna a hankali, "fuɗu taka cewa."

"Ayya, Mama, mai karatun farko kike nufi. Ai ni rubutawa kawai nake yi, wata daban ke karantawa."

Na'inna ta gyara riƙon jarkar. Ta tambayi inda yarinyar take, ko tana cikin taron.

"Wallahi ban taɓa ganinta ba," in ji Raliya. "A waya muka haɗu, ta riƙa karantawa tana turo mini. Atu ake ce mata, 'yar wajen nan ce, Sanyinna ko wani ƙauye kusa, na manta. Lambarta ta daɗe da daina shiga. Da ma masu saurare suna ta ƙorafin Sakkwatancinta da carar zakara, shi ya sa muka sauke nata gaba ɗaya, aka sake ɗauka a situdiyo. Yanzu tas yake fita."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Na'inna ta rasa yadda za ta yi da jarkar. Komawa da ita gida abin kunya ne, don haka ta ɗora ta kan tebur tsakanin littattafai, ta ce ga ɗan abin miya. Idon Raliya ya ciko. Ta ɗauko littafi za ta sa hannu, Na'inna ta ce ita ba ta karatu.

"To kawo wayarki. Saudat, zuba wa Mama duka, har da sabon da bai fita ba. Kyauta."

Saudat, ɗaya daga cikin masu shirya taron, tana gefe da kwamfuta a gabanta. Ta zare memorin ta saka, ta ɗan yamutsa fuska.

"Inna, memorinki ya cika maƙil. In gyara miki?"

To, ku ji inda abin ya faru. Na'inna ta yi shekara da shekaru tana sayar da ƙuli, kuma a wurinta gyara abu ɗaya ne: ɗan ƙarin da mai sayarwa ke ɗora wa mai saye bayan an gama awo. Ba a taɓa rage wa mutum kayansa a ce an yi masa gyara ba.

"Gyara, ɗiyata," ta ce. "Allah shi yi miki albarka."

A hanyar komawa wayar ba caji, don haka ba ta kunna ba. Ta riƙa lallashin kanta a bayan babur: ba ta ga fuska ba, amma ta samu suna. Atu. Gobe idan Ziyad ya sake wauta, ta san sunan da za ta kira.

Washegari da hantsi ta karɓo wayar daga wurin caji, ta hura wuta, ta ɗora kasko, ta jefa wayar a kwano. Kiɗa ya fara tashi, irin na tallan rediyo. Sai wata murya mai santsi ta ce, "Littafin Raliya Rufa'i, kashi na ɗaya." Na'inna ta danna na gaba, ta sake dannawa, ta yi ta dannawa har ƙarshe da yatsa mai maiƙo. Ko'ina wannan muryar ce, ba tari, ba dariya, ba zakara.

Ta sauke kaskon ta koma kasuwa, mayafi a karkace. Isah ya juya memorin, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce an goge tsofaffin don a samu wuri, kwamfutar da ya zuba mata da ita kuwa ta mutu tun tuni, kuma ya leƙa intanet bai ga na da ba. Ya ce ta yi haƙuri, ai labarin ɗaya ne, ba a canza ko kalma ba.

Na'inna ta karɓi wayarta. Ta dawo gida ta zauna gaban turmi, ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar Attahiru, kukan yarinyar da ko a hanya suka haɗu ba za ta gane ta ba sai ta yi magana. Da ta gaji ta share fuska, don gyaɗa ba ta jira. Ta fara daka a cikin shiru, ta ga ba za ta iya ba. Ta miƙa hannu ta kunna wayar.

Maƙwabciyarta Madina tana shanya a bayan katanga. Ta saurara kaɗan, sannan ta ɗaga murya.

"Na'inna, yau baƙuwa kika yi?"

"I," in ji Na'inna, ba ta ɗaga kai daga turmin ba. "Baƙuwa ce."