Watannin da Inna ta daina yi mini tofi

Shekarun baya, lokacin ina kai albasa kasuwar Warra ta jirgin ruwa, akwai abin da ban taɓa tsallakewa ba. Kafin in fita zan durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyata, ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa a tafinta, ta shafe mini kai da fuska. Sai na ji ɗan sanyin nan a goshina nake sauka bakin ruwa.

Wata rana ta ce in tafi kawai, Allah ya kiyaye. Mako na gaba ma haka. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na zauna na tuno laifuffukana tun daga ƙaramar salla. Na samo uku, na je na ba ta haƙuri a kan kowanne. Ta ce ko ɗaya ba ta san da shi ba. Duk da haka babu tofi. Wata huɗu ina ƙetare ruwan nan da zuciyar ɗan da yake zaton uwarsa ta juya masa baya.

Alamu suna gabana, ban haɗa su ba. Da farko ta bar busasshen kifi ta koma kunu. Na biyu, kofin ruwa ba ya barin gefenta. Na uku, magana ta fara maƙale mata. Da ta ce bakinta yana ɗaci, ni da kaina na sayo alewa, har na kafa doka: ɗaya bayan kowace salla, kamar yadda na kafa mata ta shan maganin hawan jini. Ashe ita wuni take yi da alewar a kumatu.

Ran nan tana cin tuwon shinkafa mai laushi, haƙori ya gutsure. Matar da ta tsufa da haƙoranta cif, ba ta rabuwa da asuwaki. Na kai ta asibiti a Yelwa.

Likitan ya taɓa cikin kumatunta da 'yar sandar katako, sandar ta manne. Ya kira ni in leƙa. Harshen ya tsattsage kamar laka in ruwa ya ja baya, dasashi ya yi ja, gindin haƙoran duk ya yi baƙi. Ya ce maganin nan da nake tsare ta a kai shi ya ƙafar mata da miyau, alewata kuma ta ƙarasa aikin. Na ce ai ruwa take sha ba ƙaƙƙautawa. Ya ce ruwa daban, miyau daban: shi yake wanke baki, ya kashe tsamin da ke cin haƙori, ya hana ƙwayoyin cuta yawa, har ya riƙa mayar wa haƙori abin da ya zaizaye. Mu da muke zaune bakin ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, duk bai iya maye mana cokali ɗaya na miyau ba.

A hanyar gida na ce, "Inna, dalilin ke nan?"

Ta ce, "To da mi zan tofa ma? Ban yarda in shafa ma busasshen hannu ka shiga ruwa kana zaton an yi ba. Kai kuma kana ta kawo mini laifuka, har da waɗanda ban sani ba."

An cire haƙora uku, an cike sauran. Ba a tsayar da maganin ba, likitan da ke duba jininta ya sauya wani. Alewa ta bar gidan. Na kafa sabuwar doka ta kurɓar ruwa da goge baki safe da yamma, wannan karon bayan na tambaya.

Ba a koma kamar da ba, amma bayan wasu watanni, wata safiyar kasuwa, ta ce in durƙusa. Danshin kaɗan ne ƙwarai. Na ji shi.

Har yau ina yi wa masu tofar da miyau a cikin jirgi faɗa, wannan ba zan bari ba. Sai dai in na haɗiye nawa, nakan tuna akwai wata 'yar maɓuɓɓuga a ƙarƙashin harshena da take aiki tun ranar da aka haife ni, ban taɓa ba ta umarni ba, ba ta kuma taɓa makara ba.